Ankon Mutum Huɗu

Ni ba na son ɗinkin gaggawa. Duk wanda ya zauna a Mubi ya san yadda teloli suke komawa in Disamba ta kama. Ka kai yadi su karɓa da fara'a, ranar jajibiri ka je ka tarar da shi a ƙarƙashin benci, ko almakashi bai taɓa shi ba. Shi ya sa tun watan Oktoba nake kai namu. A waccan shekarar ma haka na yi. Na sayi atamfa turmi biyu, ruwan ganye mai ɗigon ja, na ce anko za mu yi na Kirsimeti mu huɗu: ni, da baban yara, da 'yarmu mai shekara shida, da ƙaninta mai shekara biyu da rabi.

Telanmu wani dattijo ne Bafulatani a bayan kasuwa, tun ina budurwa yake mini ɗinki. Hannunsa yana da kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. Amma yana da hali guda da ke ƙona mini rai: ba ya taɓa ɗinka wa yaro kaya daidai jikinsa. Sai ya ƙara nan, ya ƙara can, wai yaro yana girma. Shekarar da ta gabata wandon da ya yi wa ƙaramin, sai da na naɗe ƙafar sau uku, yaro yana tafiya kamar an zura shi a buhu.

Saboda haka ranar awo na je da shirina. Na ce, "Baba tela, bana ban da buhu. Ka ɗinka masa yadda yake yau. Kada ka bar masa komai na baɗi."

Ya yi dariya, tef a wuya. "Malama, kullum faɗa. Yaro kam girma yake yi, ba ya jiran tela."

"Ni dai na gaya maka."

Muna wannan sai kuka ya tashi a bayana. Yaran ne suke rigima a kan guntun allin tela, yayar ta ƙwace ta kuma kai masa ranƙwashi a tsakar ka. Na taso daga makaranta a gajiye, ga zafi, ga yunwa. Na finciko ta na ce, "Wallahi in kika sake taɓa shi, tattara shi zan yi in kai shi Yola wurin goggonku, ki zauna ke kaɗai ki ji daɗi!" Irin maganar nan ce da uwa take yi sau goma a wuni. Kafin mu hau keke mu koma gida na manta na faɗe ta.

A tsakiyar Nuwamba zazzaɓi ya kama yaron. Ran Litinin ya fara, na ba shi magani, na ɗauka irin wanda aka saba ne. Ran Talata sai jijjiga. Muka kwashe shi zuwa asibiti, na bar yayar a hannun maƙwabciyarmu. Ran Alhamis da hantsi ya cika a hannuna, da ƙarin ruwa a ƙafarsa. Ba zan iya rubuta fiye da haka a kan wannan ba, har yau ba na iyawa.

A ƙauyen Muchalla aka binne shi, a bayan gidan su baban yara. Can aka yi zaman makoki. A rana ta biyu surukata, kakar yaran, ta kira ni ɗakinta ta riƙe hannuna. Ta ce, "'Yata, kada a gaya wa yarinyar nan. Zuciyarta ƙarama ce. Mu a nan ba ma gaya wa yaro irin wannan. A ce mata ya tafi Yola da goggonsa, a hankali za ta manta." Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ma ta binne 'ya'ya biyu, kuma haka aka yi wa baban yara lokacin yana ƙarami. Ni kuwa a ranar ko ce mini aka yi in shiga kogi in kwanta, zan je. Na ce to.

Da muka koma Mubi yarinya ta rugo ta rungume ni, tana leƙen bayana, don nan take saba ganinsa a goye. Ta ce, "Mama, ina yake?" Baban ya wuce ɗaki bai tsaya ba. Ni na durƙusa, na dubi idonta, na ce yana Yola wurin goggo. Ta kafe ni da ido. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi dalili ba, kuma har na ji daɗin hakan.

Unguwa gaba ɗaya ta taya mu ƙaryar nan. Maƙwabta suka gaya wa nasu yaran haka. A makarantar da nake koyarwa take karatu, na bi malamai ɗaya-ɗaya na roƙe su. Masu zuwa gaisuwa sai su sauke murya in ta shigo, su koma maganar tsadar shinkafa.

Yarinyar kuma ta canza. Ita da sai na yi magana sau biyar kafin ta ɗauki tsintsiya, yanzu kafin in fito ta share tsakar gida. Ta daina rigima, ta daina ƙin cin miyar kuka. In wani yaro ya tsokane ta a makaranta sai ta haɗe hannayenta a baya ta tsaya ƙiƙam. Ina gani ina cewa a raina, Allah ya dube ni ya shirya mini wannan, ya san ba ni da ƙarfin faɗa.

Sai Disamba ta shigo, nan ne na gane ramin da muka haƙa. A garinmu duk wanda ya yi tafiya, Kirsimeti yake dawowa. Na Abuja, na Legas, na Yola, sojoji, 'yan jami'a, kowa sai ya zo gida ko da a tsaye ne cikin mota. Yaro mai shekara shida ma ya san wannan. Kuma goggon ba ta taɓa fashin zuwa ba. Yarinya ta samo kalandar coci ta fara soke ranaku da fensir. "Mama, saura kwana tara goggo ta kawo shi." "Mama, saura shida." Ni sai in ce mata ta matsa, tana tare mini haske.

Kowace shekara Muchalla muke zuwa. A yanka akuya, a cika gidan kaka, yara su yi ta guje-guje har su faɗi. Bana ta yaya? Goggon tana can hannu rabbana, kabarin kuma yana bayan gida, ƙasarsa ko kwanciya ba ta gama yi ba. Baban yara ya buga waya ya ce ba za mu zo ba, a gida za mu yi mu kaɗai. Coci ma muka yanke ba za mu je ba, don na san matan zumuntar cocinmu. Mace ɗaya ta rungume ni ta fashe da kuka a gaban yarinyar, shi ke nan. Muka ce kaza ɗaya, shinkafa, mu rufe ƙofa, ranar ta zo ta wuce. Abin da za mu ce mata in ranar ta wuce kuwa, babu wanda ya tayar da maganar a cikinmu.

Ranar jajibiri da yamma ina gyaran kayan miya a tsakar gida sai na ji sallama. Tela ne da kansa, ya jingine kekensa, da baƙar leda a hannu. Wayyo ni! Sam na manta da ɗinkin nan. Na gaya wa kowa a duniya abin da zai ce, ban da shi. Shagonsa yana wancan ɓangaren gari, babu wanda ya kai masa labari.

"Malama, ba ki zo ba, na ce bari in kawo da kaina kada ki ce tela ya ci amana."

Kafin in miƙe yarinya ta riga ta karɓe ledar. Ta zaro rigarta, ta zaro ta babanta, sai ga 'yar riga da ɗan wando, an goge su an ninke. Ta ɗaga su sama ta yi tsalle. "Mama! Ga nashi! Ashe da gaske gobe zai zo!"

Tela yana ta murmushi. Ya ce, "Bana na bi maganarki, daidai jikinsa. Ina abokin nawa? A kira shi ya gwada."

Baban yara yana zaune a kan benci yana gyara rediyo. Ya ajiye ta a hankali ya shige ɗaki. Haka yake, in abu ya yi zafi sai ya nemi ɗaki. Ni aka bari. Na ce wa dattijon nan, a gaban 'yata, "Yana Yola."

Na raka shi waje. Da muka yi nisa da ƙofar gida na ce, "Baba, yaron ya rasu. Wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan." Wannan ne karo na farko da na faɗi kalmar da bakina. Ya saki keken ya faɗi. Ya yi salati, ya sake yi, ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Malama, me ya hana a aiko mini? Da ban kawo ba. Wallahi da ban kawo ba." Sai ya waiwaya wajen gidan, inda ake jin muryar yarinya tana waƙa. "Ba ta sani ba?" Na girgiza kai. Sai ya ce, "To gobe da yamma fa, Malama?" Ya ɗaga kekensa ya tura shi da ƙafa, bai hau ba har ya sha kwana.

Ranar Kirsimeti ta riga kowa tashi. Ta yi wanka da ruwan sanyi ba ta jira an ɗumama ba, ta sa sabuwar rigarta, ta matsa wa babanta sai da ya sa tasa. Ni na ce girki nake yi, zan ɓata. Ta ce, "Mama, in ya zo ya ga ba ki sa ba fa?" Na shiga na sa. Mu uku muka tsaya a tsakar gida cikin ruwan ganye da ɗigon ja, babu inda za mu je.

Maƙwabcinmu Musulmi ya shigo ya yanka mana kazar kamar yadda yake yi duk lokacin da za mu yi yanka, don in an dafa mu iya aika musu. Ya gama, ya wanke wuƙarsa, ya ce a yi biki lafiya, bai iya haɗa ido da ni ba. Daga cocin da ke gangare ana jin ganga da muryoyin mata. Na ɗora tukunya. Albasa ta taimake ni a ranar, don duk wanda ya leƙo kicin sai in nuna masa ita.

Yarinyar ta ɗauko 'yar kujerarsa ta roba ta kai bakin ƙofar gida. Ta shimfiɗa rigar a jikin kujerar, ta ɗora wandon a ƙasa, ta jera takalminsa da na ɗauka na ɓoye da kyau a bayan akwati. Sannan ta zauna a kan dakali. Duk keken da ya shigo layinmu sai ta miƙe, in ya wuce ta koma ta zauna. Yaran unguwa suka zo cikin sababbin kaya za su yawon gida-gida karɓar alewa, suka ce ta zo su tafi. Ta ce a'a, kada ya zo ba ta nan.

Da abinci ya nuna na zuba na maƙwabta na miƙa musu ta katanga, na zuba namu. Ta shigo da gudu, ta ɗauko farantinsa mai hoton kifi, ta cire cinyar kazar daga nata ta sa masa, ta rufe da wani farantin. Nata ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ce tare za su ci.

A nan haƙurina ya ƙare. Na sami baban yara a ɗaki yana zaune a bakin gado, hannu a kan gwiwa. Na turo ƙofa na ce ƙasa-ƙasa, "Tashi ka je ka gaya mata. Uwarka ce ta kawo wannan dabarar."

Ya ce, "Bakinki ne ya faɗa."

"Don kai ka gudu ɗaki! Kullum ɗaki! Ni kaɗai na haife shi?"

Ya ɗago. Idonsa ya yi jajir. Ya ce, "Ni ma haka aka yi mini. Na shekara biyu ina jiran ƙanena ya dawo daga Sorau. Ban san yadda ake faɗa ba. Babu wanda ya taɓa gaya mini, da kaina na gane." Masifar da na shigo da ita ta kwanta. Shekara takwas muna tare bai taɓa ba ni wannan labarin ba.

Ana kiran la'asar a masallacin unguwa na fita. Tana nan a dakali, rana ta juyo tana dukan fuskarta, leɓenta ya bushe. Na zauna kusa da ita. Ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Mama, ko motarsu ce ta lalace? A kira goggo mana."

Na ce, "Zo nan." Na ɗora ta a cinyata, ta yi mini nauyi, rabon da in ɗauke ta har na manta. Na ce, "Ba zai zo ba. Ba ya Yola. Ƙarya na yi miki. Ciwon nan da ya yi, bai warke ba. Ya mutu, mun binne shi a gidan kaka." Haka na faɗa, tsirara, don na ji tsoron in na lulluɓe maganar zan sake yin wata ƙaryar.

Na ɗauka ba ta gane ba. Sai ta ce, "Kamar kaka namiji?"

"E, kamar shi."

"Baba ya sani?"

"Ya sani."

"Goggo fa? Da malamarmu?"

"Sun sani."

"Ni kaɗai ce ban sani ba?"

Na ce e.

Ta sauka daga cinyata ta tsaya a gabana, ta haɗe hannayenta a baya yadda take yi a makaranta. Ta ce, "Mama, amma ai na daina."

"Kin daina me?"

"Dukansa. Kin ce in na sake taɓa shi za ki kai shi Yola. Ran Lahadi kina kicin na ture shi a bakin famfo, ya faɗi. Na ɗauka kin gani ne. Tun ranar ban sake taɓa kowa ba, Mama. Ina shara, ina cin miyar kuka. Na ce in kin ga na daina za ki ce a dawo da shi."

Allah sarki. Sai a lokacin shagon tela ya dawo mini, da guntun allin nan, da muryata. Sati shida yarinyar nan tana biyan laifin da ba ta yi ba, a gabana, ni kuma ina gode wa Allah da ya shirya mini ita. Na jawo ta na ƙanƙame. Na ce ba ita ba ce, sauro ne, zazzaɓi ne, ko ta ture shi ko ba ta ture shi ba haka zai faru. Na ce bakina ne ba shi da kyau, ta yafe mini. Na faɗa na maimaita, na rantse mata. Ta ce, "Da gaske?" Na ce da gaske. Ta dube ni irin duban da ake yi wa mai sayar da kaya a kasuwa, sannan kukan ya zo.

Kukanta ne ya fito da babanta. Ya durƙusa a ƙofar gida cikin sabuwar rigarsa ya rungume mu duka, shi ma ya saki nasa, wanda ban ji ba ko a Muchalla. Masu dawowa daga yawon biki suna wucewa suna sauke kai. Ba mu ci shinkafar nan ba ranar. Cinyar kazar tana cikin farantin kifi har washegari, babu wanda ya iya buɗewa balle ya zubar.

Da na zo ninke kayan in ajiye, na ji bakin ƙafar wandon da kauri. Na juya cikinsa. Ashe tsohon nan bai ji maganata ba. Daga waje daidai jikin yaron, amma ta ciki ya kalmashe yadi kusan faɗin yatsu huɗu, ya ɗinke da ƙananan zare yadda ba zan lura ba, don in warware baɗi. Ban taɓa yi masa maganar ba. Wandon yana cikin akwatina, kalmasar tana nan yadda ya bar ta.

Washegarin Kirsimeti muka hau mashin zuwa Muchalla, ita a tsakiyarmu, muka nuna mata wurin. Surukata ta ji haushina, ta ce na karya zuciyar yarinya. Ban tanka mata ba, abin da ya ba kowa mamaki.

Yanzu 'yar tawa ta kai shekara sha ɗaya, ta samu ƙanwa, rigimarta ma ta dawo, har ta fi da. Amma akwai abin da bai dawo ba. Kwanan baya babanta ya tafi Yola wani aiki na kwana biyu, ya fita tun tana makaranta. Da ta dawo ta tambaye ni, na ce ya yi tafiya, jibi zai dawo. Ta ajiye jakarta, ta ɗauko wayata daga kan tebur ta miƙo mini. Ta ce, "Kira shi, Mama. Ina so in ji muryarsa."